Gani Ya Kori Ji

 Yau na ajiye zancen girki da ɗinki, labarin wata yarinya zan ba ku, 'yar yayata, wadda mu ke kira Auta, da yadda ta shirya da wani darasi da ta ƙi jininsa. Na zaɓi in kawo labarin nan ne don na tabbata akwai irinta a gidaje da yawa, kuma maganin da ya yi mata ba mai tsada ba ne, niyya ce kawai da ɗan kuɗin mota.

Auta shekararta tara, tana aji huɗu a nan Kano. Yarinya ce mai kai, wajen lissafi ba a wuce ta. Amma da aka kawo sakamakon jarrabawa sai aka ga ta faɗi a tarihi. Uwarta ta kawo mini ita, tun da ya ke ni ce malamar makaranta a danginmu. Na zaunar da ita, na ce, "Wane sarki ne ya kafa kasuwar Kurmi?" Ta amsa nan da nan kamar aku, "Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499." Na ce, "Madalla. To, ina kasuwar ta ke?" Ta yi shiru tana wasa da bakin mayafinta, can ta ce, "Inna, ai a cikin littafi ta ke."

Alhali kuwa a Kurmin nan aka sayo mata takalman Salla, tana riƙe da hannun uwarta.

Maganar nan ta hana ni barci. Yarinya ta haddace suna da shekara, amma a ganinta Rumfa da Gizo duk ɗaya ne, mutanen tatsuniya ne waɗanda ba su taɓa taka ƙasar da ta ke takawa ba. Shi ya sa da zarar an juya mata tambaya sai ta rikice. Ba zan ɗora mata laifi ba, mu malamai muna da namu kason. A kwalejin horon malamai an koya mana a fara wa yaro da abin da ya gani ya taɓa, sa'an nan a kai shi ga abin da bai sani ba. Amma in ka shiga aji mai yara tamanin, ga allo ga alli, sai ka ga hadda ta fi sauƙi. Abin da aji ya kasa, na ce bari mu gwada ko gida zai iya.

Ranar Da Muka Shiga Gidan Makama

Na roƙi mijin Yaya ya bar mu mu je Gidan Makama ran wata Asabar, ya yarda, har ya ce shi zai kai mu. Da mahaifiyarsa ta ji, watau Iya, tsohuwa ce da ta haura shekara saba'in da biyar, sai ta yi dariya ta ce, "In tsofaffin kaya ku ke son gani, ai ga ni nan zaune, ku biya ni kuɗin." Duk da haka ta ɗauki mayafinta ta bi mu, wai don kada kishiyarta, watau Auta, ta fi ta yawon duniya.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, Gidan Makama yana cikin birni daura da fadar Sarki. Masu tarihi sun ce an gina shi ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, tun yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya zama sarki ya gina fadar da a ke kira Gidan Rumfa. Da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu 1903 sun yi ɗan zama a cikinsa. Yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi, an kasa shi ɗaki ɗaki, kowane ɗaki da zamanin da ya ke ba da labari.

Darasi na fari tun a zaure Auta ta same shi, kuma ba daga bakina ba. Rana ta take, mun shigo muna gumi, sai ta tsaya ta ce, "Inna, ina na'urar sanyin ta ke?" Ma'aikacin da ke zagayawa da baƙi ya yi murmushi, ya ce ta dafa bango. Ta dafa, ta ji sanyi. Ya nuna mata kaurinsa, ya ce ginin tubali ne, ƙasa kuwa in ta yi kauri haka ba ta barin zafin rana ya ratsa da wuri, sai ta riƙe shi har dare ya yi sa'an nan ta sake shi. Ya ɗaga mata kai ta dubi rufin, ya ce azara ce, daga itacen giginya a ke tsaga ta, kuma magina sun zaɓe ta ne don gara ba ta cinta da sauƙi. Iya ta ƙara da cewa a da har makuba a ke shafa wa soro don ruwan damina, ita kuwa daga ɓawon ɗorawa a ke samunta. Kun ga, ba mu yi taku goma ba yarinya ta ji amfanin giginya da ɗorawa, ta kuma ji halin gara da na ƙasa.

Muka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, manya masu nauyi, waɗanda a ke rufewa da dare a zamanin da. Muka ga kayan yaƙi, Auta ta daɗe tana duban sulke, tana mamakin yadda aka saƙa ƙarfe kamar zare. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da sulke da lifidi da kwalkwali a Kano. Kakaki kuwa, wanda ta saba ji ran hawan Salla, da figinin gashin jimina, a zamanin Rumfa aka fara su. Da ta ji haka sai ta juyo ta ce, "Rumfan littafinmu?" Na ce shi fa. Ta ce, "A gidan nan ya kwana?" Na ce haka aka ce. Ta dubi ƙasan da ta ke tsaye a kai, ba ta ƙara cewa kome ba. Ni kuwa na san ran nan Rumfa ya fita daga littafi.

Amma inda abin ya fi armashi shi ne ɗakin da aka shirya kamar ɗakin amaryar Hausawa ta da. Nan Iya ta karɓe aikin jagora. Ta shiga nuna kaya tana kiran sunansu ɗaya ɗaya, tana faɗin wanda aka kai ta da irinsa gidan miji, da yadda a ke jere, da yadda ƙawaye ke kwana suna gyara. Har waɗansu 'yan makaranta da suka zo da malaminsu suka bar shi suka kewaye ta. Matar da ba ta taɓa zama a aji ba, ga ta tana karantar da aji guda. Auta ta tsaya kusa da ita tana hura hanci, tana gaya wa kowa, "Kakata ce."

Adakar Iya

Da muka komo gida, bayan sallar Isha'i, Iya ta kira kishiyarta ta ce ta jawo mata wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. Ni kaina ban taɓa ganin an buɗe ta ba. Ta fito da mazari da ta yi kaɗi da shi tana budurwa, da anini mai huda a tsakiya, da sule, da wuri guda shida a ƙulle cikin tsumma.

Ta bayyana mata anini goma ke yin kwabo, kwabo goma sha biyu ke yin sule, har aka canja kuɗi aka kawo naira a 1973. Wurin kuwa na kakarta ne. Nan na sa baki, na gaya wa Auta wuri gidan wata 'yar halitta ce ta cikin teku, dangin dodon koɗi, kuma mafi yawan wanda aka yi ciniki da shi a ƙasashenmu daga tsibiran Maldif ya fito, can cikin Tekun Indiya. Littafin nan na sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Kalmar nan ma da mu ke faɗi kullum, kuɗi, asalinta jam'in wuri ce. Muka ɗauko taswira muka nemi tsibiran, ta aza yatsa ɗaya a kansu, ɗaya a Kano, ta ga nisa. Tun daga ran nan ba ta ƙara cewa taswira zanen banza ba ce.

Dala Da Marina

Bayan mako uku muka hau Dala da sanyin safiya. Iya ta ce gwiwarta ba ta amince ba, ta zauna a gindin dutsen. Daga sama Auta ta hango Goron Dutse, ta hango hasumiyoyin babban masallaci, ta nemi unguwarsu. Na tsinci wani ɗan jan dutse na ba ta, na ce irin wannan ƙasa mai tama ita ce ta jawo maƙera suka zauna a nan, kuma masu binciken ƙasa sun sami alamar an narka ƙarfe a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7. Watau kafin Bagauda, wanda a ke ƙirga sarautarsa daga shekara ta 999, akwai mutane a nan masu sana'a.

A hanyar komawa ubanta ya tsaya da mu a gefen ganuwa. Auta ta sha wucewa ta wurin, a zatonta tudun juji ne. Na gaya mata Sarki Gijimasu ne ya fara ginin, tsakanin 1095 da 1134, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa. Ta dubi inda ruwa ya zaizaye, da inda mutane suka yanka suka yi gini, da sharar da aka zuba, ta ce, "To, don me aka bari ta lalace?" Ba wanda ya amsa a cikinmu. Tambayar nan tamu ce mu manya, kuma ina fata 'ya'yanmu su yi ta yi mana ita har mu ji kunya.

Wata ranar muka je marinar Ƙofar Mata, wadda marina ke cewa tun 1498 a ke rini a cikinta. Can ne ta ga abin da ta kira dabo. Marini ya tsoma farin ƙyalle cikin karofi, ya fito da shi kore kore, yana shan iska sai ga shi yana komawa shuɗi a kan idonta. Ya nuna mata busasshen baba, ya ce ganye ne, da shi da toka a ke haɗawa a bar su kwanaki su ruɓa. Na bayyana mata iskar da mu ke shaƙa ce ke haɗuwa da ruwan baban ta juya launinsa, shi ya sa a ke tsomawa a ɗaga, a tsoma a ɗaga, har shuɗin ya kai yadda a ke so. Wannan kimiyya ce tsantsa, irin wadda sai ta shiga sakandare za a rubuta mata a allo.

Ba mu bar dabbobi a baya ba. Da ƙaramar Salla muka shiga gidan namun daji na Audu Bako. Kurar da ta sha ji a tatsuniya ta gan ta ido da ido, ta lura ƙafafunta na gaba sun fi na baya tsawo. Ta ga jimina, ta ƙirga yatsunta, biyu kacal a kowace ƙafa. Na ce mata ita ce babbar tsuntsuwa duk duniya, ba ta tashi sama amma doki sai ya yi da gaske ya kamo ta, ƙwanta guda kuwa ya kai na kaza wajen ashirin da huɗu. Ba ni na tuna mata ba, ita ce ta ce, "Ashe gashin wannan ne a figinin Sarki."

Tafiya Jos

Da aka yi dogon hutu, harkar kasuwanci ta kai mijin Yaya Jos, muka roƙe shi ya tafi da mu don akwai babban gidan tarihi a can. Tun a hanya Auta ta fara tambayar dalilin sanyi, na ce garin a kan tudu ya ke, wajen mita 1,200 bisa teku, kuma iyakar hawanka iyakar sanyin iska.

An buɗe gidan tarihin Jos a 1952, wani Bature mai suna Bernard Fagg ne ya tsaya a kan kafa shi. Abin da ya fi shahara a ciki shi ne sassaƙen yumɓu na Nok. Nok ƙauye ne a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, inda masu haƙar kuza suka fara tono irin kayan nan a 1928. A 1943 aka kai wa Fagg wani kan mutum na yumɓu da aka tono wajen Jama'a. Wanda ya fara ɗaukarsa gonarsa ta doya ya kai shi, ya kafa shi mutum-mutumi don korar tsuntsaye, bai san abin da ke hannunsa ya girmi kakannin kakanninsa ba. Bincike ya nuna waɗansu daga cikin kayan nan sun haura shekara 2,500.

Ni ina ta ƙoƙarin fahimtar da ita yawan shekarun, ita kuwa hankalinta na wani wuri. Ta matsa kusa da gilashi ta ce, "Inna, dubi, an yi musu kitso!" Gaskiyarta, ga gashi an gyara shi tsaf, ga duwatsun wuya. Sa'an nan ta tambayi dalilin da ya sa aka huda idanu da hanci. Uwarta ce ta amsa, don ta taɓa zama kusa da masu ginin tukwane: abin yumɓu in za a gasa shi sai an bar wa iska da tururi hanyar fita, in ba haka ba ya fashe a wuta. Masana ma haka su ke zato. Muka zaga rumfar tukwane, muka ga inda aka gina kwatancin ganuwar Kano da na tsohon masallacin Jumma'a na Zariya. Auta ta tsaya gaban kwatancin ganuwar ta ce, "Ashe haka tamu ta ke kafin ta lalace."

Abin Da Ke Hana Mu

Na san abin da waɗansunku za su ce, don an faɗa mini. Wata ta ce ai gidan gumaka ne. 'Yar'uwa, ba bauta ke kai mu ba. Malamanmu kullum suna karantar da mu duban abin da mutanen da suka bari wa'azi ne ga mai hankali, ga shi sun yi ƙarfi sun yi gini sun wuce. Wata ta ce wurin Turawa ne da 'yan boko. To, kayan wa ke ciki? Na kakanninmu ne, kuma abin kunya ne baƙo ya ƙetaro teku ya gani, mu da ke unguwar ba mu taɓa leƙawa ba. Wata kuma ta ce ita ba ta yi karatu mai zurfi ba, me za ta gaya wa yaro in ya tambaye ta? Ku tuna da Iya. Abin da kika sani na kaɗi da daka da sunayen itatuwa ilmi ne, wanda kuma ba ki sani ba ki ce, "Zo mu tambaya." Yaron da ya ga uwarsa tana tambaya ba ya jin kunyar tambaya a aji.

Kuma ba lalle sai Kano ko Jos ba. Mutanen Kaduna suna da gidan tarihi, ga kuma Gidan Arewa inda Sardauna ya zauna. A Sakkwato akwai gidan tarihi na Waziri Junaidu, a Argungu akwai na Kanta, Katsina ga hasumiyar Gobarau, Daura ga rijiyar Kusugu. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka buɗe a 1959, har da namun daji da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare tun kafin a yi mutane.

Shawara Kaɗan

Ga abin da na koya daga yawon nan namu. A nemi yardar maigida tun da wuri, in da hali a tafi da shi, don yaro ya ga abin na gidan duka ne. A tambayi ranakun buɗewa da kuɗin shiga kafin a fita. A tafi da safe, yara sun karya kumallo, a riƙe ruwan sha. Kada a ce sai an ga kome a rana ɗaya. Yaro in ya gaji ba ya ganin kome sai ƙofar fita. Abu uku da ya tsaya ya duba da kyau sun fi ɗari da aka ja shi ya wuce. Kada a cika shi da bayani, a bari tambaya ta fito daga bakinsa. A hana shi taɓa abin da aka ce kada a taɓa, a kuma gaya masa dalili, watau gumin hannu yana ɓata tsohon abu. In akwai tsohuwa ko tsoho a gida, a lallashe su a tafi da su. In an komo, a sa yaro ya ba wanda bai je ba labari, nan ne abin ke zama a kansa.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, ku riƙa tafiya da ɗan littafi da fensir. Ku zana abin da ya burge ku, ku rubuta sunansa da Hausa, ku komo ku tambayi kakanninku. Kada ku jira sai makaranta ta shirya muku fita, ku roƙi iyayenku da ladabi.

Auta dai ta ci tarihi a jarrabawar da ta biyo baya, amma ba wannan ne ya fi faranta mini rai ba. Ta sami wani kwali ta mai da shi nata gidan tarihin: ga jan dutsen Dala, ga ƙyallen da aka rina mata a Ƙofar Mata, ga wuri guda da Iya ta ba ta. Kowace Jumma'a da yamma kuwa tana zuwa ɗakin Iya da littafinta, tsohuwa na fito da kaya tana faɗin suna da amfani, kishiyarta na rubutawa, suna yi suna tsokanar juna. Iya ta tsufa, ita da kanta ta kan faɗa. Da ba a yi haka ba, wata rana da an buɗe adakar nan an ce tarkace ne an zubar. Yanzu sun kai shafi na goma sha ɗaya.

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wadda duk ta kai 'ya'yanta irin wuraren nan a garinsu, ta rubuto mana ta hannun Edita ta gaya mana abin da suka gani da tambayar da suka yi, mu buga don sauran su amfana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.